Aikin da Muka Zaɓa wa Adda

Ni ne ɗan farin uwata, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wannan ba abin kuka ba ne a wurinmu, haka kowa ya tashi ya tarar. Sai dai uwata ƴar makiyaya ce da ta auri manomi a wani ƙauye kusa da Urafan, ta haɗa kunyar Fulani da ta Hausawa ta ɗora a kaina ni kaɗai. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a Mayahi, ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Idan na je hutun lakwal, wato makarantar boko, ba ta magana da ni, sai dai ta yi da abin da ke kusa da ita. Ta dubi turmi ta ce, "A hwaɗa ma baƙon Mayahi hurarshi na ɗaki." Ni kuma da yake tun ina ƙarami ba ni da kunyar baki, sai in durƙusa in yi wa turmin godiya, ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya.

Adda mace ce mai jiki tun tana amarya. Babanmu yana alfahari da haka, don a ƙauye duk wanda ya ga matar mutum ta cika ido ya san rumbunsa ba iska ke ciki ba. Amma jikin nata ba na abinci ba ne, ko ruwa ta sha sai ya zauna. A babban farin da aka yi ina yaro, zamanin sojojin farko, har dussa mutane suka ci, ita kuwa tana ba ƙannena rabonta tana kwana da ruwan tsamiya. Kowa ya rame ya bar ta yadda take. Maƙwabta suka riƙa cewa akwai hatsi binne ƙarƙashin gadonta, har wata tsohuwa ta shigo da sunan gaisuwa tana bubbuga ƙasan ɗakin da sanda.

Abin da ya zama ado da ƙuruciya shi ya zama kaya da tsufa. Bayan rasuwar babanmu gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Ciwon sukari ya shigo, tansiyo, wato hawan jini, ya biyo shi. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ta huta a hanya, salla kuwa a kan kujera take yinta. Autarmu, wadda ta yi aure a ƙauyen, ita ke ɗawainiya da ita, ita ke cuɗa mata baya, ita ke jin duk abin da ba a gaya wa kowa. Ni ina Tasawa ina koyar da ƴaƴan mutane faransanci, ina aika shinkafa da sabulu, ina ganin na sauke nauyi.

Wani likita a Maraɗi ne ya ce mana zuciyarta ba za ta daɗe tana jan wannan nauyin ba. Ya ce akwai aikin da ake yi wa tumbi don mutum ya rage ci, amma sai a wata ƙasar Larabawa can bakin teku. Na ɗauka magana ce ta masu kuɗi, na bar ta a nan. Kawunmu, yayan Adda, wanda ke riƙe da shanunta na gado, shi ya tayar da ita. Daminar ta yi gardama, ciyawa ba ta fito ba, shanu sun soma kwanciya ana ɗaga su da itace.

"Ko mun so ko mun ƙi shanun ga tahiya za su yi," in ji shi. "Gara su tahi su bar mani ƙanwata da su tahi su bar mani ƙahoni."

Ya kora mafi yawansu kasuwar Urafan. Abin da aka samu bai wuce na majinyaciya da ɗan rakiya ɗaya ba. Auta tana da tsohon ciki, ba ta kuma jin faransanci, sai kawu ya nuna ni da bakin sandarsa ya ce mai lakwal ne zai je. Babu wanda ya ga aibin wannan shawara, har ni.

A jirgi Adda ta juya mini ƙeya tun daga Yamai har muka sauka. A masauki babu turmi, sai ta koma yi wa buta magana. Buta ta ji cewa ruwan garin nan ba ya kashe ƙishi, buta ta ji cewa burodinsu ya yi tauri. Ina zaune ina kishin buta, ni da furfura a gemu.

Likitan can dattijo ne mai haƙuri. Bayan gwaje-gwaje, har da zura mata ƴar igiya mai ido ta maƙogwaro, ya zaunar da mu ya zana mana tumbi a takarda. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a yanke mafi yawan tumbin a fitar, a bar ɗan siriri kamar hannun riga. Aikin ya fi sauƙi, maganin da za ta riƙa sha bayansa ba shi da yawa, amma abin da aka yanke ya tafi ke nan. Ta biyu, ba a fitar da komai. A ɗinke ƴar jaka a saman tumbin a haɗa ta da hanji, abinci ya riƙa wucewa ba tare da ya shiga babban ba. Wannan ta fi maganin sukari, amma sai mutum ya riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin jiki har ƙarshen ransa, ana kuma auna jininsa a kai a kai, in ba haka ba ya lalace yana tsaye.

Ya tambaye ni ko akwai farmasi kusa da inda take zaune. Na yi dariya. Na ce akwai mai tebur da ke zuwa ran kasuwa, maganinsa ya sha rana har ya canza launi. Tun a nan zuciyata ta karkata ga ta farko. Na san ƙauyenmu, na san yadda hanya take yankewa da damina, na san cewa "har ƙarshen rai" magana ce mai tsawo ga wanda ke zaune bayan Urafan.

Sai ya ɗaga yatsa ya ce saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Ya ga ɗan ja a ƙasan maƙogwaronta, bai kai ya yanke hukunci da shi ba, bakinta ne zai raba gardama. In tana fama da ƙwannafi, wato abinci yana dawo mata da tsami yana ƙona ƙirji, to hannun riga zai zame mata wuta, dole a yi ta biyu ko da wahalar magani. In ba ta da shi, ta farko ta isa.

Na juya na dubi gefen kujerarta, don ba a duban fuskarta, na ce, "Adda, likita na tambaya, in kin ci abinci shina dawo maki? Kina jin ƙuna ga ƙirji, ko gyatsa mai tsami?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta ce wa ƙasan ɗakin, "A ce mai lahiya lau."

Likitan bai gamsu ba. Ya ce in sake tambaya, in ce mata ko tana iya kwanciya miƙe bayan ta ci. Na sake. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ya kira wata ma'aikaciya, aka fitar da ni waje, matar ta yi ta shafa ƙirjinta tana yamutsa fuska don Adda ta gane. Daga bakin ƙofa ina jin Adda tana dariya, ta ɗauka wasa ake mata. A duk asibitin babu mai jin Hausa ko Fulatanci sai ni, aka sake mayar da ni ciki.

Tambaya ɗaya ta yi a zaman nan, kuma jakarta ta yi wa. Ta ce, "Shi wancan da ba a hidda komi hwa?"

Na zaci tsoron wuƙa ne, ko tana ƙyashin a binne wani yanki nata a ƙasar da ba tata ba. Na shiga yi mata bayani irin na malamin lakwal, ƙwayoyi kullum, awon jini, nisan Maraɗi, halin mai tebur. Na yi bayanin da kyau, har na burge kaina. Ta saurara har na gama, ta ce wa jakar, "To. Yadda masu ilimi suka gani." Hannunka mai sanda ta yi mini, irin wanda Auta za ta gane tun kafin a rufe baki. Ni ban tashi a ɗakinta ba, ban san yadda take neman abu ba. Na ce wa likita mun zaɓi ta farko.

Watannin farko bayan mun dawo sai hamdala. Jiki ya riƙa zubewa, sukari ya sauka, ta ajiye kujerar salla ta koma tabarma. Ranar da ta taka da ƙafarta har gidan Auta ta ga jariri, mata suka yi guɗa. Kawu ya zo ya zauna yana kallonta yana cewa shanunsa ba su faɗi a banza ba. Na dawo da ita gidana a Tasawa don ta fi kusa da likita, ina tafiya ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa.

Sai ramar ta ƙi tsayawa. Tuwo ya gagara, aka koma fura, furar ma ta riƙa dawowa. Loma biyu sai ta dafe ƙirji hawaye na zuba ba tare da ta yi kuka ba. Muryarta ta dushe, tari ya kama ta. Likitan Tasawa ya rubuta ƙwayar da ke kwantar da tsamin ciki, ta ɗan taimaka. Ana wata ga wata, sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Aka rufe iyakoki, aka yanke kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya, jirage suka daina tashi. Ƙwayar da nake saye a bakin tasha ta ɓace, sai in hau mota har Maraɗi in bi farmasi ɗaya bayan ɗaya a ce mini a dawo wani mako. A rediyo ana ta maganar ƴancin ƙasa. Ban ƙi ƴanci ba, amma ni a lokacin kwali ɗaya na magani nake nema.

Wata ranar Juma'a da hantsi Auta ta zo dubiya da goyonta. Na same ta a tsakar gida tana jiƙa jar kanwa a ƙwarya. Na tambaye ta ta mece ce.

"Ta Adda ce mana, Yaya. Ta ƙwannahinta."

"Wanga da ya same ta bayan aiki?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu. "Wane bayan aiki? Tun ina ɗiya ƙarama nike jiƙa mata kanwa. Ka taɓa ganin ta yi kwana miƙe? Zaune take kwana, da matasai ga bayanta. Kowa ya sani."

Kowa ya sani. Auta ta sani, matan ƙauye sun sani, mai kawo kanwa daga kasuwar Cake ya sani. Ni da na ɗauke ta na ƙetare hamada da ita, ni da aka ɗora wa tambayar a baki, ni kaɗai ne ban sani ba, don tun da na yi wayo ban taɓa shiga ɗakin da take kwana ba. Ko a masaukin can labule ta sa aka rataya tsakaninmu. Na gaya wa Auta abin da likita ya tambaya da abin da ya ce zai biyo baya. Ta ajiye ƙwaryar a hankali ta zauna a ƙasa.

Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Na shiga ɗakin ba sallama, na tsaya a gabanta, na dubi tsakiyar idonta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Adda, don mi? An tambaye ki, na tambaye ki da bakina. Kalma guda ce. Don mi ba ki hwaɗa ba?"

Ta kawar da kai ta nemi abin da za ta yi wa magana. Auta ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, sai ta yi da ita, da ƴar muryar da ta rage mata.

"Hwaɗa ma yayanki, uwa ba ta buɗe cikinta gaban wanda ya hwara hitowa daga cikinshi. Ni haka na iske. In da ke ce, da na hwaɗi."

Ba ta faɗa da nadama ba, ba ta kuma faɗa da faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai gaya maka cewa gobe Asabar. Na fita na zauna bayan gida na yi kukan da rabona da shi tun mutuwar Inna. Na tsani kunyar nan a ranar, kuma har yau ban huce ba. Mutane suna yabonta, suna cewa ado ce, suna cewa ita ta bambanta mu da wasu. Ni na ga abin da ta ci.

Na samu likitan can a waya bayan wahala. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce abin yana gyaruwa, ana iya mayar da aikin farko ya koma na biyu, mu kawo ta kafin ƙarfinta ya ƙare. Ya faɗa kamar ƙasarsu tana bayan kasuwar Tasawa. Ko da jirage suka dawo tashi, da me za mu hau? Na aika wa kawu. Ya zo da kansa, ya ce daminar bana ma ta ɗauke tun gero yana bununi, sauran shanun ya tura su kudu neman ciyawa iyaka ta rufe da su a can, na gida kuma fata ce da ƙashi, mahauta ma ba sa tayawa. Ya shiga ya ga ƙanwarsa, ya fito bai yi mini sallama ba. Na bi likitocin Maraɗi da na Yamai da takardunta. Wanda ya fi gaskiya a cikinsu ya ce ko akwai mai iya aikin, jikinta ya riga ya yi rauni, ba zai ɗauki wuƙa ta biyu ba.

Bakin mutane kuma bai huta ba. Waɗanda suka ce da can tana ɓoye hatsi, ƴaƴansu ne yanzu suke cewa ɗanta mai albashi ya hana ta abinci. Wasu suka ce na kai ta ƙasar Larabawa an kwashe kitsenta an saya, da kuɗin na yi rufin kwano. Rufin nan ya girmi tafiyar da shekaru, amma wa zai tsaya ya duba tsatsa? Na daina zuwa majalisar bakin masallaci. Na daina cin abinci a tsakar gida, don ƙamshin miya yana shiga ɗakinta. Matata ta riƙa kai tukunya gidan maƙwabta tana girki a can.

A watannin ƙarshe cokali take sha, na kunu mai ruwa, shi ma rabi ya dawo. Zobban azurfarta suka zube daga yatsu, Auta ta ɗaure mata su a bakin zane. Ta koma salla a zaune, daga baya a kishingiɗe. Kullum in na dawo daga lakwal sai in zauna a bakin ƙofarta daga waje, in ba da labarin gari ga duk wanda ke ciki, ko babu kowa. Wani lokaci in ji ta yi gyaran murya, in san tana ji. Iyakar hirarmu ke nan.

Ta cika da bazara, da rana tsaka, Auta na riƙe da kanta. Tun da rai ta bar wasiyya a kai ta kusa da babanmu, don haka na buga waya ƙauye na ce su fara haƙa, muna tafe. A al'ada sai an gwada mamaci da karan dawa a kai wa masu haƙa su auna. Mu muna Tasawa, su suna bayan Urafan, ga zafi, ba a jira. Suka ce kada in damu da kara, ai sun san ta.

Sun san ta kuwa. Rabonsu da ita tun tana da sauran jiki, kuma a zukatansu har yanzu ita ce matar nan da ke cika ƙofa. Muka iso bayan la'asar, aka yi salla, aka ɗauki makara. Samari ƙarfafa suka taso da yawa don su karɓa, na gaba ya sunkuya ya ɗaga da dukan ƙarfinsa har makarar ta yi sama ta gefensa, ya waiwayo ya dube ni. A maƙabarta muka tarar sun haƙa kabari mai faɗi a ƙasar da ta bushe kamar dutse, tun azahar suke sara, hannuwansu duk sun yi kanta sun fashe. Itatuwan rufi ma dogaye suka saro.

Ni da kawu muka shiga muka karɓe ta. Ban taɓa riƙe uwata ba sai ranar, kuma da hannu ɗaya ma zan iya. Muka kwantar da ita a gefen dama, ta ƙi tsayawa, tana mirginawa baya, don ramin ya yi mata yawa ba abin da zai tokare ta. Wani dattijo ya miƙo mana ƙasa a kwando, muka riƙa cusawa a bayanta da tafin hannu muna dannawa, kwando bayan kwando, har wurin ya dawo daidai da ita.